Motar da Aka Yi wa Banda

A duk Malanville, daga bakin gada har tashar albasa, babu wanda bai san Ɗanliti ba, kuma babu wanda ya san shi da son ransa. Shi ne zai tare ka a hanya ya ba ka labarin kansa. Ya yi Kwatano, in ji shi, ya yi aiki a wani babban garaj inda ake kwance inji a ɗaura kafin shayi ya huce. Waɗanda suka san shi a can sun ce lalle ya yi aiki a garaj ɗin, amma da bokiti da soso. Daga baya ya shiga cikin direbobin da ke koro tsofaffin motocin Turai daga bakin teku zuwa arewa. Aikin ya tsaya, ya dawo gida da baƙin tabarau da sufana guda ɗaya da yake sokewa a aljihun gaba don kowa ya gani.

Zaman ya yi tsawo. Matarsa Amira mace ce mai haƙuri, sai dai haƙurin ya kai maƙura. Wata safiya ta ajiye masa koko, ta tsaya a kansa.

"Baban Husna, ran kasuwa Yaya Issufu za shi kawo albasa. Na aika mishi, in ba ka samu abin yi ba kahin ranar, shi tahi da kai Garou. Suna biɗar mai ban ruwa."

Ɗanliti ya ajiye ludayi. "Ni? Ban ruwan albasa? Amira, kin san hannun ga da kika gani?"

"Na san shi. Tun da kad dawo ban ga ya ɗauki komi ba sai loma."

Maganar ta soke shi ƙwarai. Ba aikin yake tsoro ba, a cewarsa. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne a gan shi, mutumin Kwatano, ya naɗe wando yana tsoma ƙafa a laka ƙarƙashin yayan matarsa. Ya fita ba tare da ya shanye kokon ba.

Allah cikin ikonsa, a ƙofar gidan Baba Seydou ya tarar da taro. Baba Seydou dattijo ne mai fataucin bandar kifi, yana da wata tsohuwar mota da ta girmi 'ya'yansa, da ita yake kai kifi Guéné da ƙauyukan hanya. Kwanan nan ta ɗauko wata ɗabi'a. In tana tsaye sai ta dinga rawar ɗari, inji ya hau ya sauka shi kaɗai, wani ɗan fito yana tashi daga cikinta, da an taka birki a mararraba sai ta mutu. Direbanta ya gaji da turi, ya ajiye mabuɗi ya koma acaba.

"Duk wanda yaw warkar min da ita kahin kasuwa," in ji Baba Seydou, yana kaɗa mabuɗin, "shi za shi riƙe wanga."

Ɗanliti ya ratsa mutane, ya buɗe murfin inji, ya kara kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi.

"Iska ta ka sha ta ɓarauniyar hanya, Baba. Inji baki guda gare shi na shan iska. In wani tiyo ya tsage, sai iska ta kutsa ta gehe, ta hi mai yawa, inji shi rikice. Mu can Kwatano *piriz der* muka ce mishi."

Abin haushi, ya faɗi daidai. Ya taɓa jin wani makanike yana faɗin haka yayin da shi yake wanke taya. Da ma ya faɗi shirme tun farko, da an kore shi an huta.

"To ya aka gane inda tat tsage?" in ji Baba Seydou.

"Hayaƙi. A hura hayaƙi cikin inji, duk inda yah hito, nan ɓarauniyar take. Kwatano na'ura gare su. Ni ko ba ni buƙatar na'ura."

Ya koma gida a guje, ya ɗauke kaskon turaren Amira da kwalbar turarenta na ajiya. Don ya samu ta inda zai hura, ya fizge wani baƙin tiyo da ya taso daga gefen inji ya nufi wajen birki, ya soka wani guntun tiyon ban ruwa a gurbinsa. Ya zuba turare a wuta, ya cika baki da hayaƙi, ya kafa bakin a tiyo. Maimakon ya hura, sai ya shaƙa.

Tari ya turnuƙe shi. Ya durƙusa, hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau. Ya sake gwadawa, ya sake. Hayaƙi bai fito ta ko'ina a jikin inji ba, amma unguwa ta ɗauki ƙamshi har matan maƙwabta suka leƙo.

"Kai, Baba, amarcin wa aka yi?" in ji Latifu maƙeri, wanda rumfarsa ke kallon gidan. "An yi wa motar miji, ba ku gayyace mu ba?"

"Lalle za a sa mata gobe," in ji wani.

Ɗanliti ya share fuska. "Ku yi ta dariya. Wanga hayaƙin mata na, bai da ƙarhi. Inji namiji na, hayaƙin maza shika so."

Idonsa ya faɗa kan bayan gida, inda Inna Karimatu, matar Baba Seydou, ke banda. Ganga ce aka yanke, wuta na ci a hankali a ƙasa, kifi jere a kan waya, hayaƙi na tashi fari tas. Ya je ya rusuna.

"Inna, aron hayaƙi niz zo."

"Aron mi?"

"Hayaƙi. Wanda ka tahiya sama banza. Kihinki ko ƙaya ba ni taɓawa."

Inna Karimatu ta dube shi tun daga tabarau har silifa. "Tun da nike ban taɓa jin an ari hayaƙi ba. In ka gama ka maido min?"

"Inna, motar gidanki ta."

"To. Amma kihin ga na kasuwa na. In ya canza launi, kai ma ka canza."

Aka turo mota bayan gida. Ɗanliti ya rufe bakin ganga da tsohon kwanon rufi da jiƙaƙƙen buhu, ya huda, ya soka tiyo, ya haɗa da inji. Aka jira. Hayaƙi ya ƙi shiga tiyo, ya ci gaba da sulalewa ta gefen buhu yadda ya saba. Nan Ɗanliti ya yi tunani na biyu, wanda ya fi na farko muni. Ya aika aka ɗauko zugazugin Latifu, aka kafa bakinsa a gindin ganga.

"Zuga, Latifu!"

"Banda ba a zuga ta, Ɗanliti."

"Wa ad da sani nan, ni ko kai? Zuga!"

Latifu mutum ne mai son kallo. Ya zauna ya zuga da gaske, irin zugar da yake wa garma.

Hayaƙi ya shiga, ya kuma fito. Ta babban bakin da inji ke shan iska, wato bakin tukunyar tace iska, ya fito da kauri kamar damtsen mutum. Ya fito ta bututun baya. Ya fito ta wurare da dama da ba wanda ya san mota na da su. Jama'a suka ja da baya suna salati. Ɗanliti kuwa murna kamar ya taka rawa. Ya ɗauki gawayi yana zagaya mota yana zana alama.

"Kun gani? Kun gani? Baba, dubi wagga ƙatuwar kahwa! Shekaru nawa kana yawo da ita buɗe, ba wanda yah hwaɗa maka!"

Inna Karimatu ta matso tana kare hanci da gefen mayafi. Ta nuna wata 'yar roba a ƙarƙashin karbireta, inda wani siririn hayaƙi ke fita kamar zare.

"Ga wani can shina hita."

Ɗanliti ya leƙa, ya yi dariyar tausayi. "Inna, wanga numhwashi na. Wa ka kula ɗan tsaki ga manyan ɓarayi tsaye?"

To, wannan 'yar tsagar ita ce duk ciwon motar. Ita kaɗai ce bai zana wa gawayi ba.

Ana cikin haka sai wari ya sauya. Wutar da aka sani tana lallaɓawa ta samu zuga ta miƙe tsaye. Buhu ya kama, tiyo ya narke ya langaɓe, man kifi ya ɗiga a wuta ya tashi bal. Da aka yaye kwanon rufi, kifin nan ya koma baƙi ƙirin, ya ƙanƙance, ko mage sai ta yi shawara.

Inna Karimatu ba ta yi ihu ba. Ta sunkuya ta zaro itace mai wuta.

"Zo in canza maka launi."

Ɗanliti ya zagaya mota, ta bi shi, ya sake zagayawa, ya laɓe bayan Baba Seydou yana riƙe da rigarsa. "Baba, hwaɗa mata! Kihi nawa motar ga za ta ɗauka in ta warke? Wanga ai sadaka na!"

Baba Seydou ya ga hayaƙi da idonsa, abin ya burge shi, kuma mutum in ya riga ya yi asara yakan so ya ga ƙarshenta. Ya ba matarsa haƙuri, ya ce a bar yaro ya ƙarasa.

Washegari Ɗanliti ya tashi da aikin toshiya. Ya jiƙa ƙaro, ya kwaɓa da sabulun salo, ya yayyanka tsohuwar robar taya. Duk inda gawayi ya taɓa sai ya liƙe. Babban bakin shan iska ya cusa masa tsohon wandonsa, ya danna da sanda, ya shafe da ƙaro. Da ya zo bututun baya sai ya nemo ƙwallon goruba, ya saita, ya buga da guduma har ya shige daram.

Baba Seydou, da ke zaune a kan tabarma yana jan carbi, ya tsaya. "Ɗana, to hayaƙi ta ina za shi hita?"

"Baba, ka taɓa ganin motar manyan mutane tana hayaƙi?"

Dattijo ya yi tunani. "A'a."

"To ka shiga sahunsu."

Saura baƙin tiyon nan da ya fizge tun farko. Ya juya shi, ya duba nan, ya duba can, ya manta daga inda ya fito. Ya fere ɗan itace ya toshe gurbinsa, ya jefa tiyon kan rufin kaji.

"Shi wancan hwa?" in ji Latifu daga rumfarsa.

"Ƙari na. Masu ƙera mota suna sa tarkace don su ruɗa talaka."

Ranar kasuwa ta zo. Da safe aka tarar da magunan unguwa jere a kan murfin inji, ƙudaje kuma sun yi wa motar rumfa, don har kujerunta warin banda suke. Ɗanliti ya kore su da hula. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya goge tabarau. Ya ƙi yarda a gwada motar a bayan gida. Hanyar da ta tashi daga ƙofar Baba Seydou ta gangara kai tsaye zuwa tashar albasa, inda rabin gari ke taruwa, kuma nan yake so a gan shi. A ransa yana hango Issufu tsaye cikin buhunansa, shi kuma ya wuce a mota, gwiwar hannu a taga, ya ɗaga masa yatsu biyu.

Baba Seydou ya shiga gaba da babbar riga. Inna Karimatu ta ce ko kwando ɗaya na kifinta ba zai hau ba, ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu. Latifu da wasu majiya ƙarfi suka kama baya.

Ɗanliti ya murɗa mabuɗi. Ta yi gurnani, ta yi shiru. Ya sake. Shiru.

"Ta saba da iskar banza," in ji shi. "Sai ta koyi ladabi. Ku tura!"

Suka tura. Mota ta hau gangara, ya saki ƙafa, ta yi tari, ta yi shaƙuwa, sai ga shi ta kama. Jama'a suka sa sowa. An toshe mata baki, an toshe mata baya, amma baiwar Allah ta samu 'yar tsagar nan da aka raina, ta maƙale mata tana zuƙar iska da kyar. Fiton da take yi a da ɗan kaɗan ne. Yanzu ya zama sarewa sosai, ana jin sa har bakin kogi.

"Wanga kukan hwa?" in ji Baba Seydou.

"Sautin sabuwar mota ke nan, Baba. Kunnenka bai saba ba."

Ya fito da gwiwar hannu ta taga. Masu shayi suka miƙe, 'yan acaba suka rage gudu suna kallo, masu turi suna biye a baya suna tafi. Daɗi ya kwashe Ɗanliti. Ya hango tulin buhunan albasa can ƙasa, ya gyara zama, ya taka totur don a ji muryarta.

Cikin motar ya yi wani irin ƙugi. Kujera ta ɗau rawa. Sai ji kake daram!

Ƙwallon goruba ya fita ta baya, ya wuce ta tsakanin ƙafafun Latifu, ya daki wata gangar ƙarfe a bakin hanya, ƙara ta ninku. Garin iyaka ne, ba a tsayawa tambayar mene ne. Masu shayi suka kwanta, masu tafi suka watse, wata mai tallan ƙosai ta kifa tire a ka ta shige kwata. Latifu ya tsaya cak yana shafa jikinsa, yana karanto duk addu'ar da ya iya. Baƙin hayaƙi mai warin kifi ya rufe hanya.

A gaba kuma inji ya ja numfashin ƙarshe da ƙarfi, ya haɗiye wandon Ɗanliti har ƙugu, ya shaƙe, ya mutu. Mota dai ba ta tsaya ba, don gangara ba ruwanta da inji.

"Taka birki!" in ji Baba Seydou.

Ɗanliti ya taka. Birki ya yi tauri kamar dutse, domin tiyon da ke ba shi ƙarfi yana can kan rufin kaji.

"Na taka, Baba!"

"To shi ya san ka taka shi?"

Ɗanliti ya taka da ƙafa biyu. Ya ja birkin hannu, sandar ta taso masa a hannu, ya miƙa wa Baba Seydou, dattijo ya karɓa ya riƙe don bai san abin da zai yi da ita ba. Ɗanliti ya leƙo ta taga yana daka ihu, "Hanya! Hanya! Gwaji muka yi!" Masu dako suka yar da kaya, jaki ya tsinke igiya, wani mai awo ya haye kan sikelinsa. Baba Seydou ya rufe ido ya kama kalmar shahada.

Motar ta zo a hankalinta, ba gudu can ba, ta nutsa kai cikin tulin buhunan albasa mafi tsawo a tashar. Buhunan sama suka yi tangaɗi, suka zubo kan rufinta ɗaya bayan ɗaya, suka farfashe. Albasa ta bazu, tana gangarawa ƙarƙashin rumfuna, har cikin kwata.

Da mutane suka tabbata ba harbi ba ne, suka fara ɗagowa, suka kewaye motar.

Baba Seydou ya buɗe ƙofa da kyar, ya fito, hula a karkace. Ya ajiye sandar birki a kan rufi, ya zagayo, ya miƙa hannu ta taga ya zare mabuɗinsa, ya sa a aljihu.

Ɗanliti ya fito yana kakkaɓe ɓawon albasa. Ko a nan bakinsa bai mutu ba. "Baba, amma ka lura rawar ɗarin ta daina?"

"Ta daina, ɗana. Da tana mutuwa tana tashi. Yanzu ka hutasshe ta gaba ɗai."

Dariya ta ɓarke, ta bi tashar kamar wutar kara. Ɗanliti ya juya zai yi wa jama'a bayani, sai ya yi ido biyu da mai albasar. Dogon mutum ne, da rawani a wuya, hannuwa a baya, yana kallon buhunansa. Issufu ne, yayan Amira. Ƙanensa Amadu na gefe, ya riƙe ciki, dariya ta hana shi miƙewa.

"Yaya," in ji Ɗanliti, muryarsa ta koma ƙarama. "Barka da kasuwa."

"Barka kadai," in ji Issufu, ko ɗaga murya bai yi ba. "Amira ta ce in na gama ciniki in biyo gida in ɗauke ka. Ashe kai mai zumunci na. Ka kawo kanka har cikin buhu."

"Yaya, aikin bai ƙare ba. Saura ɗan gyara kaɗan, in anka ba ni yini..."

"Ai ga shi mun gani."

Jama'a suka dare, sai ga Amira, da Husna goye a baya, ɗauke da ƙullin kaya a ka. Ta sauke a gaban mijinta. Kayansa ne, an ninke, an ɗaure tsaf, har da tabarmarsa.

"Yaushe kika ɗaure wanga?" in ji shi.

"Tun ranar da kaɗ ɗauki kaskona."

Wannan ta fi ƙarar goruba yi masa zafi.

Amadu ya share hawayen dariya, ya miƙo masa buhu wanda ba komai a ciki. "Mijin yaya, Garou sai la'asar. Hwara da waɗanga. Har na cikin kwata, dut namu na."

Ɗanliti ya dubi buhu, ya dubi tasha cike da mutanen da ya shekara yana ba labarin Kwatano. Ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa, ya fara tsinta. Can sai Husna ta leƙo daga bayan uwarta.

"Inna, Baba kuka shikai?"

"Albasa ta," in ji Ɗanliti, bai ɗago ba.

Albasar kuwa ko ɓare ta ba a yi ba.